Kyamarar da Mika'ilu Ya Kulle a Akwati

Ni nake cin kwano ɗaya da Sa'ida, shi ya sa ni na fara gani. A gidanmu na Ƙofar Na'isa haka muka taso muka tarar: maza su ci a zaure, kowane magidanci a layin ya fito da kwanonsa a haɗu a yi ciyayya, mu mata kuma mu ci a tsakar gida. Mika'ilu ƙanena ne, Sa'ida matarsa. Shekararsu goma sha huɗu da aure, amma zan iya rantsuwa bai taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen cikin gari. Ni kuwa tun da mijina ya rasu na dawo ɗakin mahaifiyarmu ina ɗinkin hula, sai muka zama abokan ci ni da ita.

Sunana Turai, kuma duk layinmu an san bakina. Na taɓa wanke mai unguwa tas a kan maganar kwata, a gaban mutanensa. In na ga abu sai na faɗa, ko da za a kwana ana fushi da ni. Sau ɗaya tak a rayuwata na ja bakina na tsuke, shi ne wannan da zan ba ku labari.

Mika'ilu gyaran kyamarar bidiyo yake yi, yana da 'yar rumfa a bakin titi. Duk masu ɗaukar biki na cikin gari wurinsa suke kawo tasu in ta lalace. Mutum ne marar magana, sai dai ka gan shi ya duƙufa da ƙaramin sukundireba har wuyansa ya ƙage. A cikin masu zuwa rumfar akwai wani dattijo, Likita Ashafa, mai ɗan ƙaramin asibiti a wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Yana da wata baƙar mesa mai fitila a baki, wadda marar lafiya yake haɗiya, shi kuma likitan ya kafa ido ɗaya a ɗaya bakin ya leƙa cikin mutum. Ya yi wa Mika'ilu kukan cewa idonsa ya fara yana, abin da yake gani a mesar sai ka ce ta cikin hayaƙi. Ya ce a ƙasashen waje yanzu kyamara suke liƙawa, hoton ya fito a talabijin kowa ya gani, har a ɗauka a kaset. Ta babban asibiti ta mutu, ana jiran kayan gyara tun bara. Sai ya ba Mika'ilu wata tsohuwar mesa da ya daina amfani da ita, ya ce, “Ka duba ko za ka iya wani abu.”

Duk azumin shekarar nan Mika'ilu a kan mesar nan ya yi shi. Ya farke wata kyamara da ta faɗo daga kan babur, ya ciro idonta, ɗan abu bai fi kwalin ashana ba. Ya je kasuwar Kurmi wurin Isyaku maƙeri aka ƙera masa zoben tagulla gida uku, amma ɗaya bayan ɗaya ya bayar da aikin, mako-mako a tsakani, don kada Isyaku ya gane abin da ake haɗawa. Dabarar, kamar yadda ya yi mana bayani, ita ce duk yadda likita ya murɗa mesar, zoben yana juyawa a kan kansa, hoton ya tsaya daidai ba ya kifewa. Ya ce ko a takardun na'urorin waje da likita ya ara masa bai ga mai irin wannan zobe ba. Ni dai ban gane rabin abin da ya faɗa ba, na ce masa Allah ya sa ba wutar gidan za ka ƙona mana ba.

Ranar da ya gwada, ƙofar gida ya sa aka rufe. Ya fito da talabijin tsakar gida, ya ce wa Sa'ida ta jefa wani abu a tulu. Ta cire ɗan kunnenta ta jefa. Ya zura mesar ta bakin tulun, ya ɗan taɓa zoben, sai ga ɗan kunnen nan a talabijin, ya kai girman faifai, har tsagar da ke jikin dutsensa muna gani. Sa'ida ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ni kuwa sai da na leƙa tulun da idona don in tabbatar ba wasa yake mana da hankali ba.

Dole in gaya muku labarin Baba, in ba haka ba za ku ɗauka Mika'ilu mugu ne. Mahaifinmu maƙeri ne. Ya taɓa ƙera wani kwaɗo wanda ba mabuɗin da yake buɗe shi sai nasa, ya fito da shi zaure don murna, ya warware shi gaban abokan ciyayya ya nuna musu cikinsa. Kafin wata biyu kwaɗon ya cika Kurmi, da sunan wani. Baba bai kai ƙara ko'ina ba, bai kuma ƙara ƙera wani sabon abu ba har ya koma ga Allah. Mika'ilu yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, shi ne yake riƙe masa zugazugi.

Saboda haka da aka ce masa akwai ofishi a Abuja da ake yi wa ƙirƙira rajista, a ba mutum takarda cewa abin nasa ne, ba mai kwaikwaya sai da izininsa, bai tsaya wata-wata ba. Ya tafi wurin Malam Abdulbaƙi, wani mai buga takardu da tafireta a bakin kotu, wanda ake cewa ba fom ɗin gwamnati da bai sani ba. Shi ya buga masa bayanin, ya haɗa da zanen da Mika'ilu ya yi. Shi ne kuma ya ja kunnensa.

“Kada ido ya ga abin nan sai takarda ta fito da hatimi,” in ji shi. “Ranar da wani ya gani, ranar ka rasa shi. Musamman likitan nan. Irinsu suna da abokai a Turai, wasiƙa ɗaya ta isa.”

A makon zaɓen shugaban ƙasa Mika'ilu ya je Abuja ya shigar da takardun. Ya dawo da wata 'yar guntuwar takardar shaida, aka ce ya jira. Ya naɗe kyamarar da zoben a cikin tsohon rawani, ya sa a akwatin ƙarfe na Baba, ya datse da kwaɗon ƙarshe da ya rage mana na hannun Baba. Mabuɗin ya rataya a wuyansa.

Da Babbar Sallah abin ya fara. Muna zaune muna cin soyayyen naman layya, sai na ga Sa'ida ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Na buga mata baya, ta sha ruwa, da ƙyar ya wuce. Na ce, “Ke ma dai da haɗama, ragon guduwa zai yi?” Muka yi dariya. Bayan kwana biyu ya sake faruwa, wannan karon da ɗanwake. Daga nan na lura ta daina taɓa nama, tuwo kuma sai ta dama shi da miya ya zama ruwa-ruwa kafin ta kai baki.

A lokacin bakina bai mutu ba tukuna. Na tare Mika'ilu a soro na ce matarka abinci yana tsaya mata a ƙirji, ka kai ta asibiti. Washegari kuwa ya kai ta, na raka su. Likita Ashafa ya fesa mata magani a maƙogwaro, ya zura mesarsa, ya kafa ido ya daɗe yana leƙe, yana goge idon da hankici yana sake kafawa. Da ya gama ya kira mu gefe.

“Na ga wuri ya yi ja a ƙasan maƙoshi,” ya ce. “Yana iya zama gyambo, magani ya warkar. Yana iya zama wani abin. Ba zan yi muku ƙarya ba, idona ba ya rabe su yanzu. Malam Mika'ilu, abin nan da ka ce kana haɗawa, ya kammala? Da zan gan shi a talabijin da girma, in ɗauka a kaset in kai wa masu fiɗa su duba, da hankalina ya fi kwanciya.”

Mika'ilu ya sunkuyar da kai. Hannunsa na ga ya tafi wuya, inda igiyar mabuɗin take. Ya ce, “Saura kaɗan, Likita. An ce mini mako shida.”

Likita ya dube shi, ya rubuta magani, ya ce in ba sauƙi a dawo da wuri, ko kuma a tafi wani gari inda na'urarsu take aiki. A hanyar gida Mika'ilu ya tambayi Sa'ida yaya jikin, ta ce da sauƙi.

Maganin ya ɗan yi aiki mako biyu, sannan abin ya dawo ya fi da. A cin kwano ɗaya kowa gabansa yake ci, ba ka miƙa hannu gaban wani. To ni gabana sai ya rame har gindin kwano, nata gaban yana nan a mulmule kamar yadda aka kwashe, sai ɗan gurbin yatsa biyu. Ran nan na ajiye hannu na ce, “Yau kam sai na gaya masa. Ya buɗe akwatin nan ko in ci mutuncinsa.”

Sai ta riƙe mini wuyan hannu. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

“Yaya, na haɗa ki da Allah,” ta ce. “Kin san abin da aka yi wa Baba. Malam bai taɓa samun abin da yake nasa ba sai wannan. In ya buɗe saboda ni aka sace, da wane ido zan dube shi? Saura mako uku. Ina shan koko, ina shan fura, ba yunwa nake ji ba.”

Na yi mata faɗa, na kira ta sakarya, ta ƙi sakin hannuna har sai da na ce na ji. Amma bari in faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Ba haɗin Allah da ta yi mini kaɗai ne ya rufe mini baki ba. Ni ma ina son takardar nan. Ina son in ga sunan gidanmu da hatimin gwamnati, in ɗauka in bi layi gida-gida in nuna wa 'ya'yan waɗanda suka ci amanar Baba. Na ce a raina mako uku ai ba ya kashe mutum.

Mako uku suka wuce, takarda ba ta zo ba. Gari ya ɗauki zancen soja za su koma bariki, bango duk fastoci, masu kyamara sun bar biki sun koma ɗaukar taron 'yan siyasa, Mika'ilu ba ya samun sararin ko zama. Ya buga waya Abuja daga wurin masu tarho, aka ce ba mai sa hannu a komai sai sabuwar gwamnati ta zauna.

Ranar da aka miƙa mulki, mazan layinmu suka taru a zaurenmu, domin talabijin ɗin Mika'ilu ta fi ta kowa fitar da hoto. Muna jiyo su suna ta Allah ya sa mun ga ƙarshen wahala. Da azahar mun zauna cin abinci ke nan, tuwon shinkafa miyar taushe, sai ga Mika'ilu ya shigo ba sallama, wai wayar wuta yake nema. Bai taɓa shigowa a irin wannan lokaci ba. Sa'ida ta zabura ta shige ɗaki, ni kuma na jawo faifai na kife a kan kwanon. Ya ɗan tsaya, ya ɗauki wayarsa, har ya kai bakin soro sai ya juyo ya yafito ni.

“Yaya,” ya ce a hankali, “na ga kamar ta rame. Tana cin abinci kuwa?”

Daga zaure ana ta tafi, an rantsar da wani. Na dubi ƙanena, igiyar mabuɗi ta fito ta wuyan rigarsa, na ce, “Tana ci. Zafi ne ya sa ta faɗa.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya fita.

Damina ta sauka. Daga tuwo aka koma kunu, daga kunu aka koma koko tsararo. Na zaga Kurmi wurin masu magani, na sayo sassaƙe da saiwa iri-iri, na jiƙa na dafa, duk a banza, domin maganin ma ba ya wucewa. Ta koma ɗaura zani biyu don kada a ga yadda ta ƙare. In Mika'ilu zai shigo ta shafa kwalli, ta zauna a gefen gado ta yi masa sannu da zuwa da murya mai ƙarfi, in ya fita ta zube. Kullum ni nake cinye tuwon mutum biyu, ko in zuba wa kaji, don kada kwano ya fita da saura. Na yi ƙiba a daminar nan. Har yau in na tuna wannan sai in ji na tsani kaina.

Sau biyu Mika'ilu ya koma Abuja. Zuwan farko aka ce an canja shugaban ofishin. Zuwa na biyu aka ce an kwashe fayil-fayil an kai wani bene, ba a gama jerawa ba, ya dawo bayan wata ɗaya. Likita Ashafa ya aiko a tambayi jikin, Sa'ida ta ce a ce masa ta warke. Ni aka aika da saƙon, ni kuma na kai.

Wata safiya a watan Satumba, da hantsi, tana tsugune a bakin rijiya ta kurɓi ruwa a moɗa. Ruwan ya dawo ta baki da hanci. Ta sake kurɓa, ya sake dawowa. Ta ɗago ta dube ni, sai ta kife a wurin.

A nan ne bakina ya dawo, bayan ya gama yin ɓarna. Na kinkime ta na kai ɗaki, ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Na aika a kira Mika'ilu, na ɗauki taɓarya na shiga ɗakinsa, na jawo akwatin Baba na hau dukan kwaɗon. Na doke shi ya fi sau ashirin, ko gezau bai yi ba, aikin Baba ne. Ina cikin duka Mika'ilu ya shigo. Na juya kansa da taɓaryar a hannu, na ce masa abubuwan da ba zan maimaita ba, na ce ko ruwa ba ya wuce mata, in takardarka za ta ba ta ruwa to ka ci gaba da jira. Ya juya ya fita. Ya leƙa ɗakin Sa'ida, ya gan ta kwance ba mayafi ba zani biyu, ya dawo ya cire igiyar daga wuyansa. Na karɓi mabuɗin na buɗe.

A asibitin Likita Ashafa aka tayar da janareta. Mika'ilu ya ɗaura zoben a bakin mesar, ya jona waya, ya kunna talabijin da bidiyo. Dole ya tsaya a ɗakin, domin ba wanda ya san yadda ake daidaita zoben sai shi. Ni ina riƙe da kan Sa'ida. Likita ya zura mesar a hankali.

Abin ya yi aiki. Wallahi ya yi aiki fiye da ranar tulu. Hoto ya fito tar, hanya ja mai sheƙi tana buɗewa tana rufewa, likita yana murɗa hannu amma hoton yana tsaye daidai. Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin har ta ce masha Allah. Mika'ilu, wanda bai taɓa ganin matarsa tana tauna ba, ga shi yana kallon hanyar abincinta a talabijin. Sai mesar ta tsaya. A gabanta wani tsiro ne ya cika hanyar, fari-fari da ja, gefensa a zagwanye yana tsattsafar da jini, ya bar 'yar kafa da ko tsinken tsintsiya ba zai wuce ba. Ba sai an yi mini bayani ba. Ma'aikaciyar ta kawar da kai.

Likita ya daɗe yana kallo, ya ce wa Mika'ilu ya ƙara haske, ya ƙara. Ya ce ya matso da hoton, ya matso. Sannan ya zare mesar.

A waje ya ce mana ciwon daji ne. Ya ce, “Wurin nan ne na gani a watan Afrilu. A lokacin bai fi ƙwayar wake ba, abin da masu fiɗa za su iya yankewa ne. Ban ce da ta tashi ba, rai na Allah ne. Amma da an gwada.” Ya juya ga Mika'ilu kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa, ya ce zai kai kaset ɗin a duba. Bayan kwana uku amsa ta dawo cewa ba abin da wuƙa za ta yi.

Da maganin maƙogwaron ya sake ta a ranar, abin da Sa'ida ta fara tambayata shi ne, “Yaya, ta yi aiki?”

Na ce ta yi.

Ta ce, “Likita ya gani ke nan. Ba za a sace ba dai ko?”

Na ce ba za a sace ba, ki yi shiru ki huta.

Kwana talatin da takwas ta ƙara, ana sa mata ruwa ta jijiya, ina jiƙa auduga ina goga mata a leɓe. Mika'ilu ya rufe rumfa, ya daina fita zaure. Ranar wata Laraba bayan la'asar ta cika, kanta a cinyata. Aka kai ta kafin magariba.

Ana saura kwana kaɗan azumi wasiƙa ta zo, wai ya je ya karɓi takardarsa. Na ɗauka ba zai je ba, sai ya shirya ya tafi. Da ya dawo washegari da yamma ina tsakar gida ina ɗinki. Ya zo ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini takardar. Mai kauri ce, da jan hatimi, ga sunansa da sunan Baba a rubuce da manyan baƙaƙe. Abin da na yi ta mafarkin bin layi da shi ke nan.

Ya sa yatsa a kan wani layi. Ya ce, “Kin ga wannan kwanan watan? Fabrairu ne. Na ce wa ma'aikacin sun yi kuskure, yau Disamba. Ya ce ba kuskure, daga ranar da mutum ya shigar da takardunsa ake lissafa masa. Na ce to da na nuna wa wani a tsakani fa? Ya ce ai tun ranar da na ba ka 'yar guntuwar takardar nan kana iya nuna wa duk duniya. Har ya yi mini dariya, ya ce wa ya gaya maka sai ka jira?”

Na ajiye hular. Na ji kamar in tashi in tafi bakin kotu in fasa tafiretar Abdulbaƙi a kansa, har na fara faɗa, na ce mutumin da bai san abu ba me ya hana shi cewa ban sani ba, Allah ya isa. Mika'ilu ya girgiza kai.

“Bar shi, Yaya. Abin da ya ɗauka gaskiya ne ya faɗa. Ni na riƙe mabuɗi.”

Sai na ji ba zan iya barinsa ya ɗauki kayan nan shi kaɗai ba. Na ce, “Mika'ilu, akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da aka miƙa mulki, da ka tambaye ni ko tana ci, ƙarya na yi maka. Tun kafin ranar ta daina cin tuwo. Ita ta roƙe ni, amma ni ma ina son takardar nan. Da na gaya maka gaskiya da ka buɗe akwatin tun a watan Mayu.”

Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni, ko ya ce in bar masa gida. Yana kallon bakin rijiya, bai ɗago ba.

“Na ga kwanon,” ya ce.

Na ce, “Wane kwano?”

“Kafin ki kife faifan. Gabanki ya kai gindi, nata ko taɓawa ba a yi ba. Na gani sarai.” Ya naɗe takardar gida biyu, ya sake naɗewa, har hatimin ya tsage. “Na san in ita na tambaya za ta ce da sauƙi, kuma ba zan yarda ba. Ke kuwa kowa ya san ba kya ɓoye magana. Shi ya sa na tambaye ki. So nake ki ce mini tana ci.”

Muka zauna a wurin har aka kira magariba. Daga zaure wani maƙwabci ya yi sallama, ya ce an fito da abinci, ana jiran Malam Mika'ilu. Ya tashi ya sa takardar a aljihu ya fita. Ni kuma na shiga madafa na zuba tuwona a ƙaramin kwano.